Sun Ari 'Yan Ajina, Yanzu Za Su Haɗiye Makarantarmu

Assalamu alaikum Hajiya Batulu,

Don Allah don Annabi ki taimake ni da shawara, na kai inda ko tuwo na sa a baki ba na jin ɗanɗanonsa. Na daɗe ina karanta filin nan naki, in ga damuwar mutane in ce Allah ya kyauta, ashe ni ma ina tafe. Kada ki buga sunana. Sunayen waɗanda zan ambata ma na canja su, ko da yake na san wanda ya tsargu zai gane kansa. Ya gane ɗin mana.

Ni malamar firamare ce, haifaffiyar Birnin Kudu, aure ya kai ni wani ƙauye a mazaɓar Kwandiko ta ƙasar Gwaram. Shekarata bakwai ina koyarwa a 'yar makarantar ƙauyen. Ajujuwa uku ne ginannu, 'yan aji ɗaya kuwa inuwar darbejiya ce ajinsu. Malamai mu huɗu ne har da hedimasta, Malam Haladu, dattijo mai haƙuri, amma irin haƙurin nan da ke cutar da na kusa da mai shi. Ni nake riƙe da aji biyar da aji shida a ɗaki ɗaya.

Lokacin da na zo, yaran makarantar ba su kai saba'in ba, kuma kusan dukkansu 'ya'yan manoman cikin gari ne. Alhali kewaye da garin akwai rugage na makiyaya da suka zauna tun kaka da kakanni, suna noma suna kiwo, Hausa ma suke yi a gidajensu, amma babu ɗansu ko ɗaya a aji. Hajiya, ba yabon kai ba, ƙafata ce ta shigo da su. Na bi ruga ruga da rana tsaka, na zauna a tabarmarsu, na sha kindirmo har na gaji da shi, na sha kallon raini kuma. Abin da suka ce shi ne makaranta tana cinye safiya, safiya kuwa lokacin tatsa ce. Na dawo na lallaɓi Malam Haladu har ya yarda 'yan ruga su riƙa zuwa bayan an gama tatsa, ba duka ba tsallen kwaɗo, ni kuma in tsaya bayan an tashi in biya musu abin da ya wuce su. Mazansu kan bi shanu kudu da rani, su dawo da damina sun manta rabin abin da suka koya, in sake ɗaukowa daga farko. Matan su ne ke zama, shi ya sa a ajina mata sun ninka maza. Yau muna da yara sama da ɗari da sittin, kusan rabinsu 'yan ruga ne.

A shekarun nan babu abin da ban ji ba. Har cewa aka yi don ban haihu ba ne nake bin 'ya'yan mutane gida gida. Na ji, na haɗiye, na ci gaba.

Akwai wata yarinya Hapsatu, 'yar Malam Hambali, dattijon babbar rugar da ke gabas da mu. Ita ce ta farko da aka ba ni, kuma gwaji aka yi da ita. Ubanta ya ce in ta iya karatu zai saki sauran, in kuwa yawo kawai za ta koyo to a bar musu 'ya'yansu. Yarinyar nan Allah ya ba ta kai. Tun tana aji uku take karanta wa ubanta rubutun jikin kwalbar maganin shanu, ta gaya masa yadda ake aunawa. Ganin haka ne sauran rugagen suka sako nasu. Yanzu tana aji biyar, shekara ɗaya ta rage mata ta zana jarrabawar shiga sakandare, kuma ita ce za ta zama mace ta farko daga rugarsu da ta taka wannan matakin.

To ga inda matsalar take. Akwai rafi tsakaninmu da wani ƙauye da ke bakin hanyar mota, su ma suna da tasu makarantar, bari in kira ta makarantar Tsallake. Hedimastanta Yaya Abdulsalami ne, wan maigidana uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu. Tsakanin makarantun nan biyu akwai wata al'ada da na tarar, su gayya suke kiranta. Duk lokacin da aka ji masu duba makarantu za su zo ƙirga yara, sai a ara wa juna. Kullum da Tsallake suke farawa saboda ita ce a bakin hanya, washegari su zo mana. Sai yaranmu su tsallaka ranar farko su cika musu ajujuwa, washegari nasu su zo su cika mana. Benci da littattafai da alli duk da yawan yara ake rabawa, saboda haka kowa ya samu. Ni tun farko abin bai kwanta mini ba. Na taɓa faɗa a taron malamai, Malam Haladu ya yi murmushi ya ce ni baƙuwa ce, haka suka tarar iyayen gidansu na yi. Abin da na iya shi ne na hana a taɓa 'yan ajina, ƙanana ake kwasa.

Bana Allah ya dube ni ya ba ni haihuwa bayan dogon jira. Da yake ta fari ce, na tafi gida Birnin Kudu wankan jego. Ina can ina fama da ruwan zafi da kunun kanwa aka ji labarin baƙi na tafe. Yaya Abdulsalami ya aiko wa Malam Haladu, ya ce wannan karon manya yake so, masu tsaftataccen yunifom, domin manyan ajujuwansa sun zama kango, yaransa duk sun koma tallar gyaɗa da rake a bakin hanya. Malam Haladu bai yi wata-wata ba ya kwashe aji huɗu da biyar da shida kaf, ya haɗa da rabin aji uku, ya tura. Bazara ce, rafin a bushe yake, suka taka yashi suka haye. Can aka raba wa kowa sunan da zai amsa, sunayen yaran da suka daɗe da barin makarantar. Hapsatu aka ce mata daga yau har a tashi ita ce Khairiyya.

Ashe wannan karon baƙin ba yadda suka saba za su yi ba. Mota biyu suka zo da ita a rana ɗaya, ɗaya ta tsaya Tsallake, ɗaya ta zarce wurinmu. Kuma ba ƙirge kaɗai ya kawo su ba, sun zo da katunan karatu da lissafi, yaro yaro suke kira ya karanta a gabansu. A makarantarmu suka tarar da yara ba su kai hamsin ba, 'yan ƙanana masu majina da wasu samari 'yan kaɗan da suka riga sauran dawowa daga kudu. A Tsallake kuwa 'yan ajina suka riƙa zuba karatu kamar ruwa. An ce da Hapsatu ta gama, babbar cikin baƙin tafa mata ta yi, ta tambayi sunanta, yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce Khairiyya.

Abin da ya fi ci mini rai, wallahi, shi ne amsar da Malam Haladu ya bayar da aka tambaye shi ina yaransa. Ba zai iya cewa ya ba da su aro ba, sai ya ce ai 'yan ruga ne, iyayensu sun kwashe su kiwo da sharar gona, ba su san darajar boko ba. Baƙin suka gyaɗa kai suka rubuta. Mutanen da suka canja lokacin tatsarsu, suka ɗauke wa 'ya'yansu mata tallar nono don su zauna a aji, su aka shafa wa kashin kaji. A wannan safiyar 'ya'yansu suna can suna ɗaga sunan makarantar wani.

Da sakamako ya fito, cikin makarantu goma sha huɗu na shiyyarmu Tsallake ce ta ɗaya, mu ne na ƙarshe. Aka yi taro a cikin garin Gwaram, Yaya Abdulsalami ya sha babbar riga ya karɓi takardar yabo. Har jawabi aka sa shi ya yi a kan dabarun jawo 'ya'yan makiyaya makaranta! Shi da bai taɓa taka ruga ba sai in man shanu ya je saye. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Aka kira Khairiyya ta zo ta karɓi kyautar jaka da littattafai, ya ce ba ta da lafiya, ya karɓa a madadinta. Daga baya ya aika da jakar ruga a ɓoye. Malam Hambali ya mayar masa da ita, ya ce a gaya masa babu mai wannan sunan a gidansa.

Ana cikin haka sai ga sanarwa wai za a haɗe ƙananan makarantun da ba su da yara da na kusa da su. Tamu tana ciki. Idan aka dawo daga dogon hutu, makarantarmu ta zama tarihi, kowa ya koma Tsallake. Wai ai tafiyar ba nisa. Da bazara suka ƙetare rafin nan a mota, ina jin ba su ma san rafi ba ne. Yanzu da nake rubuto miki ruwan ya kai gwiwa, nan da wata guda sai ya kai wa babban mutum ƙirji, kuma ba ya sauka sai bayan an yanke gero.

Duk wannan ban sani ba, an ɓoye mini wai don kada hankalin maijego ya tashi. Sai da na dawo Malam Hambali ya zo mini barka da ƙwaryar nono, ya zauna a zaure ya warware mini komai. Bai ɗaga murya ba, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce ni bai ga laifina ba tunda ba na nan, amma amana ya ba ni don na zo da ƙafata. Ya ce babu ɗan ruga da zai shiga ruwa don boko, kuma ko da rafin ya ƙafe har abada, ba zai kai 'yarsa inda aka koya mata ta musanta sunan da ya raɗa mata ba. In makarantarmu ta rufe, Hapsatu ta koma ɗaukar ƙwarya, sauran ma haka. Ita kuma yarinyar, ranar da na koma aji ta jira kowa ya fita, ta zo ta tsaya gefen teburina tana murza gefen hijabinta, ta tambaye ni wai in an koma Tsallake da wane suna za ta riƙa amsawa. Hajiya, kin san abin da na yi? Na ce ta je gida.

Na sami maigidana da maganar, ya ce in rufa musu asiri, Yaya uba ne a wurinsa, in aka kore shi daga aiki da wane ido zai dubi dangi. Surukata Inna Kubra ta kira ni ɗaki ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma in ci abinci in rage fushi kada nonona ya lalace yaro ya sha wahala. Malam Haladu kuwa har gida ya biyo ni, dattijo da furfurarsa yana share hawaye da hularsa, wai shekara ɗaya ta rage masa ya yi ritaya, in tausaya wa iyalinsa. Kowa a tausaya masa. Yara ɗari da sittin fa, su wa zai tausaya musu?

Shi kuma gogan, Yaya Abdulsalami, da ya zo ganin jariri, na durƙusa na gaishe shi kamar yadda aka saba, ya ɗauki yaron yana masa wasa, ya ce in kwantar da hankalina, ya riga ya yi mini hanya, in an haɗe ni ce mataimakiyarsa. Ko kunya! Ya ari 'yan ajina ya ci yabo da su, yanzu ni ma zai are ni in je in riƙe masa makarantar da ya kasa riƙewa. Na ce masa na gode, don ba a yi mini tarbiyyar mayar wa babba magana ba.

Na tsani ganinsa, Allah ya yafe mini. Na fara jin haushin maigidana ma, mutumin da bai taɓa ɓata mini ba, wanda ya tsaya mini duk shekarun da ake mini gorin haihuwa. Wani lokaci in ce gobe zan goya ɗana in hau babur in je gaban manya in fasa ƙwan kowa ya huta. Wani lokaci in ce ina ruwana, in nemi canjin wurin aiki in koma Birnin Kudu kusa da iyayena, su ƙarata. Sai in tuna Hapsatu tsaye gefen teburina. Idan na yi magana na rusa gidan aurena da mutum biyu masu iyali. Idan na yi shiru na rusa aikin shekara bakwai, kuma na tabbatar wa duniya ƙaryar da aka yi wa mutanen ruga. Makonni kaɗan suka rage a tafi hutu. Hajiya, ya zan yi?

Ni ce,
Malamar da aka yi wa sakiyar da ba ruwa, daga ƙasar Gwaram.

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata Malama,

Kafin komai, barka da arziki. Allah ya raya yaron nan, ya sa mai jin ƙanku ne. Inna Kubra ta yi gaskiya a abu ɗaya, ki ci abinci. Faɗan da ke gabanki ba na mai jin yunwa ba ne.

Fushinki yana kan hanya, ba zan ce ki haɗiye shi ba. An zalunce ki, an zalunci yaran, an kuma yi wa mutanen ruga ƙazafi, wanda a wurina shi ne mafi muni a duk labarin. Amma bari in gaya miki abin da ba za ki so ji ba. Gayyar nan makarantarku ma ta ci moriyarta shekara da shekaru. Bencin da 'yan ajinki ke zama a kai, wasunsu da yaran Tsallake aka samo su. Kin ƙi ba da naki, madalla, amma kin ga ana kwasar ƙanana kin kawar da kai. Shi ma Yayan naku bai shirya zuwan mota biyu ba, da abin ya juya da ku ne a sama shi a ƙasa. Laifinsa na gaske ya fara ne daga ranar da ya sa babbar riga ya karɓi yabon da ya san ba nasa ba ne, ya kuma yi shiru da ya ji za a rufe ku. Na faɗi wannan ne don in kin je gabansa ki je da maganar da ba zai iya kaucewa ba. In kika ce shi kaɗai ne mai laifi, zai nuna miki bencinku, magana ta watse.

Maigidanki kuma ba maƙiyinki ba ne. Tsoro yake ji, kuma mutumin da wansa ya riƙe shi yana maraya dole ya ji. Kada ki haɗa shi da Yaya a tukunya ɗaya.

Yanzu ki tambayi kanki me kike nema. Makarantar ta tsira, ko Yaya ya ji kunya? In na biyun ne, hau babur gobe, za ki samu, amma babu tabbacin makarantar za ta tsira, domin manya in suka fusata da hedimastoci biyu sukan rufe komai su huta. In na farkon ne, ba ki buƙatar ki kai ƙarar kowa. Abin da kike buƙata shi ne baƙin nan su dawo. Yaranki suna nan, karatunsu yana kansu, ba a are shi an tafi da shi ba.

Saboda haka kada ki je ke kaɗai, kada kuma ki je da sunan malama mai ƙorafi. Makaranta ta iyaye ce. Ki sami shugaban kwamitin iyayen yara da mai garinku, ki roƙi Malam Hambali da dattawan sauran rugage su shiga ciki. Su ne za su je da bakinsu su ce ba su yarda da ƙirgen da aka yi ba, 'ya'yansu suna zuwa makaranta, a zo ba tare da sanarwa ba a ƙirga a kuma saurari karatunsu kafin a zartar da hukunci. Su roƙi a zo yanzu, da damina, a tsaya a bakin rafin nan a gani da ido. Dattijon ruga da ya tako har ofis yana neman a bar masa makaranta ya fi takarda goma ƙarfi, kuma shi da kansa ya wanke mutanensa daga ƙazafin da aka yi musu. Ki yi sauri, kafin a tafi hutu.

Amma kafin su tafi, ki bi ta gida. Ki zaunar da maigidanki ki ce masa ba za ki kai sunan Yaya ko'ina ba, amma iyaye za su nemi a dawo, kuma in aka tambaye ki kai tsaye ba za ki yi ƙarya ba. Ki ce kina gaya masa ne tun da wuri don Yaya ya sami damar gyara abinsa da hannunsa. Sannan ku je tare, shi ya yi maganar, ke kina gefe, Inna tana wurin in da hali. Yaya yana da ƙofar fita mai mutunci. A yanzu shi ne wanda ake sauraro a shiyyar. In ya tashi ya ce shi bai goyi bayan haɗewar ba, rafin ba ya ƙetaruwa, kuma a sake duba makarantar maƙwabtansa don ya san akwai yara, za a ji shi. Ku nuna masa cewa shirunsa ba zai cece shi ba. In aka haɗe, 'yan ruga ba za su zo ba, baɗi baƙi su dawo su nemi Khairiyya mai karatu su tarar da kango. Kayan aro ba ya rufe katara, shi ma ya sani. Malam Haladu kuma ki ce masa hawaye ba su isa ba. Ya je ruga da ƙafarsa ya ba Malam Hambali haƙuri, ya sa hannu a roƙon iyaye. Shi ne mafi ƙarancin abin da zai yi.

Ba zan yaudare ki ba, yana iya yiwuwa Yaya ya ƙi, ya hura hanci, dangi su juya miki baya na wani lokaci. Yana iya yiwuwa kuma in baƙin sun dawo su gane fuskar Hapsatu, allura ta tono garma. In haka ta faru ba ke kika tona ba, ramin ƙarya ne da ma ƙurarre. Ke dai kada ki ƙara gishiri, kada ki yi murna a fili, in an tambaye ki ki faɗi abin da kika sani har da cewa al'adar ta kowa ce, an daɗe ana yi. Wannan gaskiyar ita ce za ta fi sassauta wa dattawan biyu. In kuma manya suka dage sai an haɗe, iyaye su roƙi a bar taku a matsayin reshe, suna ɗaya amma ajujuwa su zauna inda suke, yara kada su taɓa ruwa. Wannan ba ita ce nasarar da kike so ba, amma Hapsatu za ta zana jarrabawarta. Gayyar kuwa ta mutu daga bana, ki faɗa a gaban kowa, ko ɗan aji ɗaya ba za a sake ba da shi ba.

Batun komawa Birnin Kudu ki ajiye shi. Kina da haƙƙin neman canji, ba wanda zai zarge ki, amma ba yanzu ba. In kika tafi a wannan gaɓar, babu sauran mai ja da abin da aka rubuta a kanku. Muƙamin mataimakiya ma ki bar shi inda kika ji shi.

Abu ɗaya ne ba zai jira taro ko mai gari ba. Yarinya ta yi miki tambaya kin ce ta je gida, har yau tana jiran amsa. Gobe da safe, bayan an gama tatsa ta iso, ki kira ta gaban aji ki ce mata manya ne suka yi kuskure, ba ita ba, kuma babu wanda zai sake sa ta amsa sunan wata. Ranar da baƙin suka dawo kuma, kafin su fito da katunansu, ki miƙa mata alli ta rubuta Hapsatu Hambali a kan allo, manya-manya, yadda na bakin ƙofa ma zai iya karantawa.

Allah ya tsaya miki, ya bar ku da maigidanki lafiya, ya sa ubanta ya ga ranar da za ta shiga sakandare da sunan da ya raɗa mata.

Taki,
Hajiya Batulu